Kada gaggawarmu ta ƙarasa wanda haɗari ya bari da rai

 

Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya ya san yadda ake yi in mota ta faɗi. Kafin jandarma su iso, mu ne a wurin. Wani ya ɗauko gatari, wani ƙarfen taya, wasu su kama hannun direban da sitiyari ya danne su yi ta ja. Niyya kyakkyawa ce. Amma na taɓa ganin wanda aka finciko daga mota yana magana, yana motsa ƙafafunsa, bayan an aje shi ƙasa ƙafafun ba su ƙara motsi ba. Ni ma ina cikin masu jan, shi ya sa na zaɓi wannan magana.

Ƴan kwana-kwana, su pompiye kenan, suna da na'urori na musamman don wanga aiki. Wani Ba'amurke mai suna George Hurst ya ƙirƙiro su a farkon shekarun 1960, bayan ya ga an ɓata fiye da awa guda ana neman fitar da direban motar tsere daga cikin tarkace. Sirrinsu shi ne na jak ɗin ɗaga mota: famfo ya matsa mai cikin tiyo, man ya tura fistin. Tunda mai ba ya matsuwa, ƙaramin ƙarfi a nan sai ya zama babba a can. Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana wannan ƙa'ida tun ƙarni na 17, ɗaliban lise sun san ta. Matsin yana kai wajen bar 700, alhali tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka.

Akwai almakashi mai yanke ginshiƙan mota a cire rufin gaba ɗaya. Akwai mai baki biyu da ake cusawa a jikin ƙofar da ta lanƙwashe, ya buɗe ta har ta ɓalle. Sai dogon jak mai tura gaban mota ya saki ƙafafun da ya danne. Ku lura: duka ukun motar suke janyewa daga jikin mutum, shi kuwa yana nan inda yake, an tallabe mishi wuya, har a samu sararin ɗaukarsa a miƙe bisa katako. Gatari ba ya haka. Kowane sara yana girgiza ƙashin bayan da ƙila ya riga ya tsage, kuma yana fidda tartsatsi. A hanyarmu da ake yawo da jarkokin fetur na ƴan ruwa-ruwa, kun san abin da tartsatsi ɗaya zai iya.

To, mu da ba mu da waɗannan kaya fa? Aiki na nan. A kira lamba 18 nan take, a faɗi wurin daidai, mota nawa, mutum nawa suka maƙale. A kashe injin, a kori mai taba. A tsai da mutane nesa a ɓangarorin titi biyu don kada wata motar ta afka. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a saki. Mutum guda ya riƙe kan mai rauni daidai yadda ya same shi, yana mishi magana, yana tuna mishi Allah. Kada a ba shi ruwa ko ya roƙa, don ƙila tiyata ke jiransa a asibitin Maraɗi. In wuta ta kama, ko numfashinsa ya tsaya, nan kam a fiddo shi, ba jira.

Su kuma masu ɗaga waya suna ɗaukar hoton tsiraicin musulmi a saka a WhatsApp, har uwa ta ga gawar ɗanta kafin a zo mata da labari, ku ji tsoron Allah. Ku cire rawani ko riga ku suturta shi.

Ina roƙon shugabanninmu su nemi Croix-Rouge ta horar da ko mutum goma cikinmu kan agajin farko, musamman ƴan kabu-kabu, tunda su ke fara isa. A sa sunana na farko.