Hoton Tsuntsayen Bakin Teku: Amanar Mai Kyamara

 Yau shirin namu zai kai mu bakin teku, wurin tsuntsayen da ke yin ƙwai a kan rairayi tsirara, da masu bin su da kyamara don ɗaukar hotonsu tare da 'ya'yansu. Za mu ji yadda ake ɗaukar hoton, da yadda ake gyara shi, da haƙƙin da ke wuyan mai ɗauka.

A jihar New York ta Amurka akwai wata gaɓar teku mai suna Nickerson, a tsibirin Long Island. Daga watan Mayu zuwa Agusta, masu hoto kan yi sammako su je can, domin tsuntsaye iri-iri na ƙyanƙyasa a wurin. Akwai wani baƙi da fari mai jan baki, wanda leɓensa na ƙasa ya fi na sama tsawo, yana tashi dab da ruwa yana tsaga shi da baki har ya cafke kifi. Akwai kuma ɗan ƙarami mai launin rairayi da ake kira piping plover, wanda dokar Amurka ta sa cikin tsuntsayen da ake karewa tun 1986, saboda raguwar da ya yi.

Wannan ɗan tsuntsu ba ya gina sheƙa a bishiya. Ɗan rami yake tonawa a rairayi, macen ta saka ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo, da namiji da mace su riƙa karɓa-karɓar kwanci kusan makonni huɗu. 'Yan tsakin na ƙyanƙyashewa, cikin 'yan sa'o'i sun miƙe suna neman abinci da kansu, amma ba su iya tashi sai sun kusa wata guda. Kafin su iya tashi, makaminsu ɗaya ne: da an ji motsi su lafe, su saje da rairayi. Mutum na iya taka su bai sani ba.

To, mai sauraro, ga inda haɗarin yake. Duk lokacin da mai hoto ya matsa har uwa ta tashi, rana ta samu ƙwai, hankaka kuma ya samu hanya. Idan ka ga uwar tana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, tana kuka, dabara ce ta janye ka daga 'ya'yanta. Ma'anarta ka yi kusa da yawa. Kada ka ɗauki wannan hoton, ka ja da baya. Shi ya sa ake kewaye wuraren ƙwai da igiya, kuma mai mutunci ba ya tsallake ta ko da babu mai gadi.

Yaya ake samun hoto mai kyau daga nesa? Da farko, dogon gilashin kyamara mai janyo nesa kusa, na milimita 400 zuwa 600. Na biyu, kwanciya rub da ciki. Idan kana tsaye, kai dodo ne a idon tsuntsu, hoton ma ba zai yi armashi ba. Idan ka kwanta, idonka ya daidaita da nasa, bayan hoton ya yi laushi, ɗan tsakon ya fito sarai. Na uku, lokaci: da sanyin safiya ko gab da faɗuwar rana, ranar tana bayanka. Hasken tsakar rana kan ƙone farin gashi ya zama fili babu zane. Na huɗu, saurin ƙiftawar kyamara ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye, domin 'yan tsakin nan ba su tsayawa wuri ɗaya. Ka saita kyamara a kan ido, domin idan ido ya fito, hoto ya rayu.

Sauran aikin haƙuri ne. Ka zaɓi wuri ka zauna shiru, tsuntsaye su manta da kai. A lokacin ne za ka ga uba ya sauko da kifi a baki, ko 'yan tsaki sun kutsa ƙarƙashin uwa, ba a ganin komai sai ƙafafu. Kada ka watsa abinci, kada ka kunna kukan tsuntsu a waya, kada ka bi ɗan tsako. Hoton da ya fi daraja shi ne wanda tsuntsu bai san an ɗauka ba.

Idan an dawo gida, sai gyara a kwamfuta, da manhaja irin su Lightroom. Masu wannan sana'a kan ajiye hoto ɗanye, wato a tsarin RAW, saboda ya fi karɓar gyara. Za ka miƙar da layin teku idan ya karkace, ka yanke gefen da ya yi yawa amma ka bar wa tsuntsu fili ta inda yake kallo, ka rage hasken da ya yi yawa a farin gashi, ka ɗan buɗe inuwa, ka share tabon da ƙurar gilashi ta bari a hoton. Launi kuwa ka bar shi yadda idonka ya gani.

Akwai iyaka. Ɗauko ɗan tsako daga wani hoto ka manna, ko ƙara kifin da babu shi, sannan ka ce haka ka gani, wannan ƙarya ce. A 2018, gidan adana tarihin halittu na Landan ya ƙwace kyautar da ya ba wani hoto daga Brazil, bayan masana sun yanke cewa dabbar da ke ciki gawa ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Sannan kafin ka sa hoto a intanet, ka goge bayanin wurin da ke maƙale da shi, don kada jama'a su yi tururuwa zuwa kan ƙwai.

Mu ma muna da namu. Da rani, idan ruwa ya janye a kogin Kwara da Binuwai, tsuntsun da Turawa ke kira tsuntsun kada yakan binne ƙwansa cikin rairayi, ya jiƙa gashin cikinsa a ruwa ya dawo ya sanyaya su. Masunci, makiyayi, da matashi mai waya a hannu, idan kun ga tsuntsu na kai da komo yana kuka a kan rairayi, ku kauce, ku hana yara da karnuka zuwa wurin.

Mai kyamara na ɗauke da amana biyu: ta tsuntsun da yake ɗauka, kada ya cutar da shi, da ta mai kallo, kada ya yaudare shi.