Zafin Sakkwato da jikin tsoho: me shekaru ke yi wa su Kaka?

Yau maganar tsofaffinmu za mu yi, su Inna da su Baba da muke wucewa a zaure, ido na kan waya.

Kowa ya san Sakkwato a watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, ga wuta babu. Kai matashi ka yi gumi, ka ji ƙishi, ka sha ruwan leda biyu, magana ta ƙare. To jikin ɗan shekara 70 ba haka yake ba. Gumin da ke sanyaya jiki ya ragu. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, ƙishirwar kanta dusashewa take yi. Ruwa na ƙarewa a jikin Kaka amma ba ta jin sha'awar sha. In ta ce maka "ba na jin ƙishi", wallahi gaskiya ta faɗa, jikin ne ya daina sanar da ita da wuri.

Nan ƙoda ke shigowa. Tun wajen shekara 40 ƙarfin tace jininta ke raguwa a hankali, kuma ba ta iya riƙe ruwa kamar da. A ɗaya gefen, guringuntsin gwiwa ya cinye, Baba na kukan ciwo, sai a aike ka kemis ka sayo diclofenac ko ibuprofen, a yi ta sha kullum babu likita. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Tsohuwar ƙoda, ga rashin ruwa, ga ƙwaya a kai. Kun ga inda aka dosa.

Ba mu kaɗai ba ne. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, fiye da rabinsu sun haura shekara 60. Yanayinsu da namu ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Yanzu ku saurara da kyau. Tsoho ya manta inda ya ajiye carbinsa, wannan ba komai ba ne. Amma wanda jiya kuka yi hira lafiya, yau ya tashi yana surutai, bai gane jikansa ba, kada a ce gigin tsufa ne a rufe shi a ɗaki. Rikicewa ta farat ɗaya kan zo daga ƙarancin ruwa, ciwon mafitsara, sukari ko shanyewar ɓarin jiki. A ɗauke shi ranar, a tafi UDUTH ko Asibitin Ƙwararru.

Ido kuwa, daga shekara 40 karatun kusa ke fara wuya, tabarau ya wadatar. Yanar ido ce babba, ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, alhali aikin asibiti na ɗan lokaci yana dawo da gani. Masu tura yanar cikin ido da tsinke a gargajiyance, don Allah a nisanta iyaye da su, idanu da yawa sun tafi ta nan.

Tsoka ma zubewa take in ba a motsa ta. Wannan "Baba zauna, ka huta" da muke yi don ladabi, wani lokacin cutarwa ce. A bar shi ya taka zuwa masallaci da sanyin asuba.

Ruwan kuma kada ka jira ta nema. Ka cika kofi daga randa, ka miƙa mata, ka tsaya har ta sha. In likita ya taƙaita mata ruwa saboda zuciya ko ƙoda, a bi ƙa'idarsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, za mu taɓo hawan jini.