RAMIN TURURUWA SHI KE KARYA MADATSA



Mutanen Japan suna da wani karin magana mai cewa ta ramin tururuwa madatsar ruwa ke karyewa. Asalin maganar daga ƙasar Sin ta fito, daga rubuce-rubucen wani masani mai suna Han Fei, wanda ya yi zamani a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Japanawa suka ɗauke ta suka riƙe, domin ƙasarsu ta koguna ce masu ambaliya, manoman shinkafa kuwa da shingen ƙasa su ke tsare gonakinsu. Ruwa ya kan sami ɗan rami ya riƙa tsatsafowa, yana cin ƙasa a hankali, har ranar da shingen zai ɓalle gaba ɗaya. Mu ma a nan mu kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bari mu duba yadda maganar ta tabbata a kan masu ita. A shekarar 1978 wani jirgin sama samfurin Boeing 747, na kamfanin jiragen saman Japan, ya bugi ƙasa da wutsiyarsa wajen sauka a Osaka. Bangon ƙarfen da ke can bayan jirgin, wanda ke tsare iskar da fasinjoji ke shaƙa, ya lalace, aka kira injiniyoyin Boeing su gyara. Ƙa'ida ita ce a haɗa gyaran da faranti guda, layi biyu na ƙusoshi su riƙe shi. Sai aka raba farantin biyu, ya zamana layi ɗaya tak ke ɗauke da nauyin a wani sashe. Aka rufe, jirgi ya koma aiki, ya shekara 7 yana tashi yana sauka, tsaga tana daɗa girma a ɓoye.

Ran 12 ga Agusta, 1985, minti 12 bayan tashinsa daga Tokyo, bangon ya fashe. Iska ta fizge mafi yawan wutsiyar, ta tsinke dukkan bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Matuƙa suka yi ta fama har wajen rabin sa'a, sa'an nan ya faɗa kan duwatsu a jihar Gunma. Cikin mutum 524, mutum 4 kaɗai suka tsira. Har yau ba a taɓa yin hatsarin jirgi guda da ya ci rayuka haka ba.

Kada wanda ke zaune a ofis ya zaci wannan gargaɗi na injiniyoyi ne kawai. A watan Disamba na 2005 wani ma'aikacin kamfanin Mizuho a Tokyo ya so ya sayar da hannun jari 1 a kan yen 610,000. Sai ya juya lambobin, ya sa hannun jari 610,000 a kan yen 1. Na'ura ta yi masa gargaɗi, bai kula ba. Kamfanin ya yi hasarar kimanin yen biliyan 40.

Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya cikin waɗannan mutane da ya yi nufin ɓarna, kuma dukkansu ƙwararru ne. Sabo da aiki shi ke sa hannu ya riga hankali. Don haka ne ma'aikatan jirgin ƙasa a Japan su ke bin wata al'ada da su ke kira shisa kanko, watau nunawa da kira. Direba ba ya wuce alama sai ya nuna ta da yatsa, ya kuma faɗi abin da ya gani da babbar murya, ko da shi kaɗai ne. Baƙo zai ga abin kamar wasa, alhali kuwa hanya ce ta tilasta wa ido da baki da hankali su taru a kan abu guda.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu riƙe fayil, mu auna magani, mu duba gada, mu sa hannu a takardar biya. Mu saba tun yanzu da sake karanta lissafi kafin mu miƙa shi. Mu yarda wani ya duba aikinmu, kada mu ɗauki hakan raini. In mun ga tsaga mu faɗa, ko da wanda ya yi aikin yana gaba da mu, gama kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi bisa ga makokin gari. Mai sa hannu ba tare da dubawa ba ya ci amanar mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda suka dogara da sa hannunsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.