Kudirin Fitar da 'Yan Sanda daga Fanshon Adashi

Tsarin fansho na adashin gata ya fara aiki a Najeriya da dokar 2004. Gyaran 2014 ya sa ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 10, a asusun da ke ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom.

An fitar da sojoji daga wannan tsari a 2011, ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma a 2023. 'Yan sanda ma na neman doka ta ba su hukumar fansho tasu, suna kukan cewa abin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba.

Masu adawa da kudirin na tunatarwa cewa tsohon tsari ya dogara ne ga kasafin kuɗin gwamnati, har bashin fansho ya taru. Suna kuma fargabar cewa ficewar 'yan sanda za ta sa sauran ma'aikata su bi sahu, jarin asusun ya ragu.