Adashi da Biki: Tushen Jarin Mata a Getso



Sanin kowa ne cewa matar aure a Getso, cikin ƙasar Gwarzo, ba kasafai take zaman kasuwa ba, amma kuwa tana ciniki. A cikin gida take matsar man gyaɗa, ta soya ƙuliƙuli, yara su kai talla. To, ina take samun jari?

Amsa ita ce adashi da biki. A adashi, mata kan yi zubi kowane mako a hannun uwar adashi, kowacce ta kwasa ran da ya zo kanta. Biki kuwa, watau gudummawar da ƙawa ke kai wa ƙawa ran suna ko aure, bashi ne da ake ramawa da ƙari. A irin wannan taro ake gane mai amana.

Shirin Better Life na 1987 da People's Bank na 1989 duk sun shuɗe, adashi na nan. Amma yana da rauni: in wadda ta fara kwasa ta daina zubi, jarin saura ya nutse. Saboda haka, ma'aikacin da zai kai rance ƙauye ya fara neman shawarar uwar adashi.