Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro Ga Masu Zuwa Gida Hutu

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan sa-kai na ƙungiya ya gabatar a taron iyalai a Jidda, gab da hutun makarantu.

 



Ni ba likita ba ne, kowa ya san ni da kasuwa. Shugabannin ƙungiya ne suka ɗora mini in zauna da ma'aikatan lafiya na cikinmu, in tattaro bayani, in kawo muku shi da Hausar da kowa zai gane. Dalili kuwa shi ne hutun makarantu ya ƙarato, gidaje da yawa sun yanki tikiti, sun yi bizar fita da dawowa. Wasu za su Kano da Katsina da Sakkwato, wasu Maraɗi da Damagaram, wasu kuma Kumasi da Nima. An sayi dabino da turare da jallabiya na tsaraba. To amma gida nawa ne suka sa maganin maleriya cikin lissafin tafiya?

Mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu kamuwa da maleriya miliyan 249 a duniya, mutum 608,000 suka rasu. Najeriya kaɗai ta ɗauki kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa, da kashi 31 cikin 100 na mace-macen. Nijar ce ta uku a yawan mace-mace. Mafi yawan waɗanda ake binnewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Sannan ku lura, dogon hutun makarantu na Saudiyya yana faɗawa ne cikin damina, daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da kududdufai suka cika, sauro ya yi ƙarfi a ƙasar Hausa. Wato muna kai 'ya'yanmu gida ne a lokacin da ciwon ke tashe.

Na san abin da wasu dattawa ke faɗa a zuci: a can aka haife mu, da sauro muka tashi, me zai yi mana? Gaskiya ne wanda ke zaune a can, sauro na cizonsa kowace damina, jikinsa yana samun wata 'yar garkuwa, shi ya sa babban mutum zai yi zazzaɓin kwana biyu ya miƙe. Amma wannan garkuwa sai da cizo a kai a kai take ɗorewa. Da ka bar ƙasar take fara raguwa, bayan shekara ɗaya ko biyu kuma ta daina zama abin dogaro. A Jidda da Makka da Madina ba a ɗaukar maleriya. Saboda haka Alhaji, in ka yi shekara 15 a nan, to a wurin sauron garinku kai baƙo ne. Ɗanka da aka haifa a Jidda kuwa bai taɓa samun garkuwar ba ko ta kwana ɗaya. Shi da ɗan Bature duk ɗaya suke a gaban wannan ciwo. Likitocin Ingila da Faransa sun daɗe da lura cewa mafi yawan masu dawowa musu da maleriya 'yan asalin Afirka ne da suka je ganin dangi, domin su ne ke daɗewa, suna kwana a cikin unguwa da ƙauye, kuma su ne ba sa shan rigakafi.

Irin ƙwayar cutar da ta fi yawa a ƙasashenmu, wadda likitoci ke kira falsifarum, ita ce mafi mugunta. A jikin marar garkuwa tana iya juyewa daga zazzaɓi zuwa jijjiga da suma cikin kwana ɗaya.

To mene ne abin yi? A je mustausaf ko asibiti mako 4 zuwa 6 kafin tafiya, a gaya wa likita ƙasar da za a je da kwanakin da za a yi. A tafi da yaran, don ana ba yaro magani ne bisa nauyinsa, sai an ɗora shi a sikeli. A faɗa wa likita gaskiya: wa ke da juna biyu, wa ke shayarwa, wa ke da ciwon ƙoda ko na zuciya ko farfaɗiya ko sikila, da duk maganin da mutum ke sha kullum. Mai neman ƙarin bayani yana iya kiran lambar Ma'aikatar Lafiya, 937.

Magungunan rigakafi da aka fi rubuta wa masu zuwa Afirka ta Yamma guda uku ne, kowanne da ƙa'idarsa.

Na farko shi ne Malarone. Ƙwaya ɗaya kullum, a lokaci guda, tare da abinci ko madara. Ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tashi, a sha duk tsawon zama, a ci gaba kwana 7 bayan barin ƙasar. Yana da sauƙi a jiki, akwai kuma na yara, sai dai ya fi sauran tsada. Ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani, ba a kuma cika ba mai ciki ba. In mutum ya yi amai cikin awa ɗaya da sha, sai ya sake shan wata.

Na biyu shi ne Doxycycline. Shi ma kullum ne, ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tashi, amma sai an ci gaba da shi mako 4 cur bayan dawowa. Shi ne mai araha. Ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara, don yana ɓata haƙoran da ke tsirowa. A sha shi da ruwa cikin kofi, kada a kwanta nan take, in ba haka ba yana ƙona maƙogwaro. Kada a haɗa shi lokaci guda da maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi. Tun 2018 hukuma a nan ta tsananta dokar hana sayar da irinsa ba tare da wasfar likita ba, don haka kada a je ana roƙon mai saidaliyya.

Na uku shi ne Mefloquine, wanda wasu suka sani da Lariam. Ƙwaya ɗaya a mako, a rana guda, misali duk Juma'a. Ana fara shi mako 2 zuwa 3 kafin tashi, a ci gaba mako 4 bayan dawowa. Yana da daɗi ga mai dogon zama, kuma shi likitoci suka fi duba wa mai ciki in tafiyar ta zama dole. Amma ba a ba wanda ya taɓa fama da farfaɗiya ko matsananciyar damuwa ko taɓin hankali. Wasu yana sa su munanan mafarkai, jiri ko firgita. Hikimar fara shi da wuri ke nan: in bai karɓe ka ba, likita zai canza maka tun kana Jidda.

Bari mu yi lissafin 'yan kasuwa. Mai tafiyar kwana 30, in Malarone aka ba shi, zai buƙaci 2 da 30 da 7, ƙwaya 39 ke nan. In Doxycycline ne, 2 da 30 da 28, ƙwaya 60. In Mefloquine ne, 11 ko 12. Kowane mutum da nasa adadin. A sayi cikakke tun daga nan, a ƙara 'yan ƙwayoyi saboda jirgi na iya ɗage tashi. A nema da wuri, ko da saidaliyyar unguwa sai ta yi oda. Mai gida da zai ga kuɗin ya yi yawa, ya kwatanta shi da kuɗin tikitin mutum ɗaya, ko na kwana uku a gadon asibiti. Rage akwatin tsaraba ɗaya ya fi sauƙi.

Me ya sa nake cewa a saya a nan? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma maganin maleriya na cikin waɗanda aka fi kai ƙara a kansu. Mu 'yan kasuwa mun san araha ba ta ado. In buƙata ta kama a can, a je babban kantin magani mai rajista, a guji na talla a tire da na bakin tasha da rana ta dafa. A Najeriya a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Kwalaye da yawa suna da wurin kankarewa: ka kankare, ka tura lambar ta saƙon waya, a amsa maka ko na gaske ne. Maganin kuma a riƙe shi a jakar hannu cikin kwalinsa tare da wasfar, kada a zuba shi cikin kayan kargo.

Akwai wasu abubuwa da muka saba da su da ya kamata a ajiye. Dattawa za su tuna Chloroquine, da Daraprim da ake ba mu duk Lahadi. Sun yi aiki a zamaninsu, amma cutar ta daina jin su, har Najeriya ta sauya manufarta a 2005 ta koma magungunan da ake yi da sinadarin artemisinin, irin su Coartem. Shi kuma Coartem maganin wanda gwaji ya nuna ya kamu ne, ana shan sa sau 6 cikin kwana 3. Shan sa kafin tafiya ko da an sauka wai don a wanke jini ba ya kare kowa, asarar kuɗi ce. Haka Fansidar, ana ba masu ciki mazauna can a wurin awo, ba a yi shi don matafiyi ba. Zuma da habbatus sauda da ruwan Zamzam muna girmama su, a ci gaba da sha, amma kada su hana shan abin da likita ya rubuta. Jiƙon darbejiya da tazargade ma ba sa maye gurbinsa. Allurar shawara da ake ba katin rawaya a kanta wajibi ce a yi ta, sai dai ciwo daban take karewa. Allurar rigakafin maleriya da Najeriya ta fara a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa kuwa ta jarirai mazauna ƙasa ce, ba ta ɗan hutu ba.

Babu maganin da ke karewa ɗari bisa ɗari, don haka a haɗa da hana cizo. Sauron maleriya daga magariba zuwa asuba yake farauta, lokacin da muke shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana hirar yaushe rabo. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, a tusa gefensa ƙarƙashin katifa. Yara su sa doguwar riga da wando tun la'asar sakaliya. A shafa man korar sauro mai sinadarin DEET, ban da jaririn da bai kai wata 2 ba. Iyayenmu mata, za ku ji dangi na cewa 'ya'yan Makka sun cika iyayi. A yi murmushi, a shigar da yaro gidan sauronsa. Mai juna biyu kuwa, in da hali ta ɗage tafiyar, don maleriya na jawo ɓari da ƙarancin jini. Mai azumin nafila ko ramuwa ya mayar da ƙwayarsa lokacin buɗa-baki ko sahur.

Yanzu ga inda aka fi yin asara: bayan dawowa. An sauka lafiya a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, an koma aiki, yara sun koma makaranta, sai a jefa sauran maganin cikin durowa. Alhali ƙwayar cutar tana fara ɓuya ne a hanta, ba ta nuna alama sai bayan kwana 7 ko fiye. Cizon daren ƙarshe a Kano zai iya tashi a Jidda bayan mako biyu. Ragowar ƙwayoyin nan su ne ke tare ta. Wanda ya yanke sha a tsakiya kamar wanda ya gina shago ne ya ƙi sa ƙofa.

Duk wanda ya yi zazzaɓi, sanyi, ciwon kai ko amai bayan dawowa, musamman cikin wata 3 na farko, har zuwa shekara guda, ya je asibiti a ranar, ko da ya sha rigakafinsa cikakke. Kada a tsaya ana ba da Panadol ana jiran gobe, yana sauke zafi ne kawai, cutar na ci a ciki. Kuma maganar farko da za a faɗa wa likita ita ce: mun dawo daga Najeriya, ko Nijar, ko Gana, ranar kaza, a yi mana gwajin maleriya. Wannan na da muhimmanci, domin zazzaɓin da likitocin Jidda suka fi sabawa da shi shi ne dengi, wanda ake fama da shi a garin nan tun 1994, da kuma mura. In ba ka faɗa ba, ba lallai tunaninsa ya kai can ba. Gwajin yatsa minti 20 ne. In bai nuna komai ba kuma zazzaɓin bai sauka ba, a koma a sake. In aka ga jijjiga, ruɗewa, barcin da ba a iya tashin mutum, amai ba tsayawa, numfashi sama-sama, idanu sun yi rawaya ko fitsari ya yi baƙi kamar shayi, a kira motar Hilal Ahmar a 997 ko a garzaya sashen gaggawa, ko da tsakar dare ne.

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu. Ina roƙon kowane mai gida, tun daren yau, ya rubuta sunayen masu tafiya da ranar tashi, ya sa ranar ganin likita. Dattawan unguwa, in maƙwabci ya zo sallama, bayan addu'a a tambaye shi ko ya sayi maganin yara. Wanda karatun wasfa ko Larabcin asibiti ya yi wa wuya, ya sami ɗaya daga cikinmu 'yan sa-kai bayan an tashi, za mu raka shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya sada su da dangi cikin farin ciki, Ya dawo mana da su lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.