Wasan Jefa-da-Cafe: Wa Ke Tantance Gwani?



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wani wasa wanda ba shi da tsayayyen suna a Hausa, saboda haka a nan za a kira shi jefa-da-cafe. Watau mutum ya riƙa jefa abubuwa sama yana cafewa, ƙwallaye ko kulake ko zobba, yawansu kuwa ya ɗara yawan hannuwansa, har ya zama ko da yaushe akwai wani abu a iska. Wanda ya taɓa ganin 'yan mata suna carafke da tsakuwa, to, ya ga ɗan'uwansa na nesa. Sau da yawa akan haɗa shi da dabo, amma kuwa sun sha bamban: ɗan dabo da abin da ya ɓoye yake cin abinci, shi kuwa mai jefa-da-cafe ba shi da maɓoya, in ƙwallo ta faɗi kowa ya gani. Mutum zai zaci wasan da yake a fili haka ba za a yi gardamar gwaninsa ba. Amma gardamar nan ce ta raba kan masu wasan shekara da shekaru.

Wasan daɗaɗɗe ne. A wani kabari da ke Beni Hasan, a ƙasar Masar, akwai zanen mata suna yin sa da ƙwallaye, zanen kuwa ya kai wajen shekara 4000. A Turai ya daɗe yana sana'ar gado, uba ya koya wa ɗa, gida kuma ya riƙe asirinsa don kada abokan hamayya su ƙwace masa kasuwa. Enrico Rastelli, Ba'italiye wanda aka haifa a Rasha a 1896 ya rasu a 1931, daga irin wannan gida ya fito, har yau kuma da shi ake buga misali, ko da yake abin da ya rage na aikinsa 'yan guntayen fim ne. A zamaninsa babu wahala wajen gane gwani: wanda ya cika gidan wasa, wanda masu gidan suka biya da tsada, shi ne.

Al'amarin ya fara sakewa a 1947, sa'ad da waɗansu masu wasan suka hadu a wurin taron 'yan dabo a birnin Pittsburgh na Amurka, suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IJA. Sun yi taronsu na farko a 1948, daga 1969 kuma suka soma gasa. A Turai sai abin ya ɗauki wata hanya dabam. Mutum 11 ne kacal suka taru a Brighton ta Ingila a 1978, wannan ne kuwa mafarin babban bikin Turai, wanda yake ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2011, da aka yi shi a Munich ta Jamus, mahalarta sun zarce 7000. Masu aikin sa-kai ne suke shirya shi, jama'a su kafa tantuna su yi mako guda, babban zauren motsa jiki a buɗe dare da rana. Abin lura shi ne, wanda ya iya wani salo yakan rubuta a allo cewa ƙarfe kaza zai koyar da shi, kyauta. Abin da kakanni suka ɓoye a ɗaka, jikoki suka shanya shi a bainar jama'a. A irin wannan wuri mutum yakan yi suna ne da abin da ya ƙirƙiro da kuma abin da ya koyar.

Waɗansu kuwa wannan bai gamshe su ba. Wani Ba'amurke, Jason Garfield, ya dage a kan cewa jefa-da-cafe wasan motsa jiki ne kamar tsalle-tsalle da guje-guje, don haka ya kamata a auna shi da maki, a daina lulluɓe shi da tufafin ban dariya. Ƙungiyar da ya kafa, WJF, ta yi gasa a Las Vegas a 2004, tashar wasanni ta ESPN ta nuna. Can alƙalai suna ba da maki gwargwadon wuyar salo, suna rage wa wanda ya yar da ƙwallo.

Hujjarsa tana da ƙarfi, domin wuyar wasan abu ne da lissafi yake iya nunawa. Duk ƙwallon da aka ƙara, dole kowace ɗaya ta ƙara daɗewa a sama, ko kuwa hannu ya ƙara sauri. Ɗaliban kimiyya sun san cewa in ana so abu ya ninka daɗewarsa a iska sau biyu, sai an ninka tsawon jifar sau huɗu, ɗan kuskuren kwana kuma da ba ya komai a gajeriyar jifa, a doguwa sai ya kai ƙwallon inda hannu ba zai cim mata ba. Shi ya sa mutum yakan koyi ƙwallo 3 cikin 'yan kwanaki, amma 5 ta ci masa watanni, 7 kuwa shekaru. Claude Shannon, wanda ya aza harsashin ilmin sadarwa na zamani, ya tsara ƙa'idar lissafi da ta haɗa yawan ƙwallaye da yawan hannuwa da lokacin da ƙwallo take yi a sama da a hannu. A shekarun 1980 kuma waɗansu masana lissafi a Kalifoniya da Cambridge, kowa da kansa, suka gano hanyar rubuta salon jifa da lambobi, kowace lamba tana faɗin bugu nawa za a yi kafin a sāke jefa wannan ƙwallon. In aka haɗa lambobin aka raba da yawansu, sai a sami yawan ƙwallaye. Alal misali 531 da 441 duka salon ƙwallo 3 ne. Da wannan rubutu mutum a Japan zai aika wa wani a Chile sabon salo ba tare da sun ji harshen juna ba.

Sai dai mai kallo ba da lissafi yake kallo ba, bidiyo ne kuwa ya fallasa haka. A 2006, shekara guda bayan buɗe YouTube, bidiyon wani ɗan wasan barkwanci, Chris Bliss, ya bazu a intanet. Ƙwallo 3 kawai yake jefawa, yana bin kiɗan Beatles, miliyoyin mutane suka kalla suna ta mamaki. Gwanayen wasan abin ya ba su haushi, don a wurinsu babu wani salo mai wuya a ciki. Garfield ya mai da martani da nasa bidiyon, da kiɗan nan dai, amma da ƙwallo 5. Babu shakka nasa ya fi wuya nesa ba kusa ba. Duk da haka na Bliss jama'a suka riƙe. Gaskiyar magana, kowannensu ya iya abin da ɗayan ya raina. Mai kallo na gari ba ya iya ƙirga abin da ya wuce ƙwallo huɗu ko biyar a iska, amma yana jin lokacin da jifa ta faɗa daidai kan kiɗa.

Ko wanda ya haɗa duka biyun bai tsira ba. Anthony Gatto, Ba'amurke, wanda da yawa suke ɗauka ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, ya ci lambar zinariya a bikin wasanni na Monte Carlo a 2000, ya yi aiki da Cirque du Soleil, daga baya ya ajiye ƙwallayensa ya koma sana'ar siminti a Florida. Yabon gwanaye ba ya cika tukunya.

Har ila yau bidiyo ya zama shaida. Yanzu mai cewa ya kafa tarihi sai ya kawo hoto, a rage saurinsa a ƙirga cafewa ɗaya bayan ɗaya. Masu wasan sun bambanta mataki biyu: a jefa kowace ƙwallo a cafe ta sau ɗaya, da kuma a yi cafewa ninki biyu na yawan ƙwallayen, wanda shi ne ake lissafawa an yi wasan sosai. Alex Barron na Ingila ya cim ma mataki na biyu da ƙwallo 11 a 2012, ya kuma cim ma na farko da 14 a 2017. Wannan ci gaba ne, domin da can tarihi a bakin masu talla yake. Amma bidiyo yana da nasa rufa-idon. Daƙiƙa biyar da aka nuna, ba a faɗin sau ɗari nawa aka zubar kafin a same su, alhali kuwa ɗan wasan dandali sau ɗaya ake ba shi, a gaban jama'a, kowane dare. Yaron da ya koya daga allon waya yana gwada ranarsa ta yau da kullum da ranar sa'ar wani.

Akwai dai gasa guda a bukukuwan Turai wadda ba ta bukatar alƙali mai maki ko na'urar ɗaukar hoto. Mutane da yawa su shiga fili, kowa yana jefa kulake 3, kowa kuma yana ƙoƙarin kaɓe kulkin wani daga iska ba tare da nasa sun zube ba. Wanda nasa suka zube ya tsince su ya fita. Akan yi ta da tsakar dare, zagaye bayan zagaye, wanda ya rage shi kaɗai yana jifa ya ci, sa'an nan duka su sāke shiga.